Amsa ga Malam kan kayan darasin hulɗa da jama'a ta intanet

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce sashenku ya ɗora maka kwas ɗin hulɗa da jama'a ta intanet a zango mai zuwa, ba littafi, ba takardun wanda ya riga ka, kana tambayar ta ina za ka kama. Tun 2021 nake koyar da shi, ga abin da na gani.

Da farko ka nemi kundin CCMAS, wato tsarin manhajar jami'o'in Najeriya, da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta ƙaddamar a Disambar 2022. Kashi 70 na manhaja daga wurinsu yake, kashi 30 jami'a ce ke cikewa. Ka duba ɓangaren da kwas ɗinka ya faɗa, shi zai nuna maka iya inda za ka sake.

Amma don Allah kada ka gina darasinka a kan wani dandali guda. Ni na yi haka, na sha wuya. Mako uku na ware wa Twitter kaɗai, har da hotunan inda ake latsawa. A watan Yunin 2021 gwamnati ta dakatar da shi, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A 2023 kuma sunan ma ya koma X. Takardun nan suna nan a durowa, ba su ƙara amfanar kowa ba.

Abin da ya zauna shi ne labarin da ya faru a gaban idon mutane. Ina buɗe kwas ɗin da daren Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaye wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Duk ajin da na shiga sai na samu wanda ya tuna mahaifiyarsa ta tashe shi da asuba da bokiti a hannu. Daga nan nake tambayarsu: da kai ne kakakin ma'aikatar lafiya, me za ka ce kafin ƙarfe bakwai, da wane harshe, ta bakin wa? Nan take sukan gane cewa sanarwar Turanci mai shafi biyu ba ta kamo saƙon murya na minti ɗaya da ya riga ya shiga zauren WhatsApp na dangi.

Shi ya sa kowane mako uku nake ba su atisaye. In ƙirƙiro jita-jita a kan wani kamfanin ruwan leda da babu shi, in ba su minti arba'in su fito da martani uku: rubutu na Facebook, saƙon murya da Hausa, da amsar da za su ba ɗan jarida. Wata ɗaliba da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ita ta naɗi muryar da kowa ya yi tsit yana saurare, a wata waya mai fasasshen gilashi. Makinta ya fi na kowa.

Ka ware mako ɗaya ga ƙa'idojin aiki na cibiyar ƙwararrun hulɗa da jama'a ta Najeriya (NIPR) da Dokar Kare Bayanai ta 2023, domin yaranmu suna tara lambobin mutane suna tura talla ba tare da izini ba, suna ganin ba komai ba ne.

Kayan karatun kuma ka yi su ƙananan PDF, mako-mako, domin data tana yi wa ɗalibai tsada, kuma sauya shafi biyar ya fi sauƙi a kan sake littafi. In kana so, zan turo maka jadawalin makonnina da takardar da nake ba da maki da ita.