Jirgi mai sauƙin kuɗi daga Kano zuwa Tamale

Malam, ka tambayi yadda za ka isa Tamale a arewacin Ghana ba tare da kuɗin jirgi ya tatse ka ba. Sai ka bi ta Akara. Daga Kano ka fara zuwa Abuja ko Legas. Duba farashin tashi zuwa Akara daga Abuja da na Legas, sannan na Akara zuwa Tamale a shafukan Africa World Airlines da PassionAir; tafiyar Akara zuwa Tamale kamar awa ɗaya ce. Saya da wuri, ka kauce wa lokacin Kirsimeti da Sallah.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne sayen tikiti biyu daban da ɗan tazara kaɗan. Na farko ya makara, na biyu ya tafi da kuɗinka, ga hazon hunturu yana hana sauka. Bar tazara mai yawa, ko ejan mai rajista ya haɗa maka su tikiti guda. Kar ka manta katin rigakafin zazzaɓin shawara.