Shin biyan kuɗin LinkedIn Premium yana da amfani ga ɗan kasuwa?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya ko ya kamata ka riƙa biyan kuɗin LinkedIn Premium, wato tsarin biyan kuɗi na LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da kamfanoni, domin bunƙasa sana'arka ta fitar da riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje. A ganina, amsar ta danganta da irin mutanen da kake sayar wa kaya.

Babban abin da kuɗin ke saya maka shi ne InMail, wato damar aika saƙo kai tsaye ga wanda ba ku da alaƙa da shi, kamar jami'in sayen kaya na wani kamfani a Turkiyya ko Mekziko. Tsarin Premium Business yana ba da saƙo 15 a wata, kuma ana mayar maka da damar idan an ba ka amsa cikin kwana 90. Haka kuma za ka ga waɗanda suka leƙa shafinka, sannan a sassauta maka iyakar binciken da ake sanya wa masu amfani kyauta.

Wannan yana da daraja ga mai hulɗa da kamfanoni irinka, amma ga mai shago a Kantin Kwari wanda masu cinikinsa suke WhatsApp da Instagram, asara ce kawai. Shawarata ita ce ka fara cika shafinka da bayanin kayanka da shaidar rajistarka ta NEPC, wato hukumar bunƙasa fitar da kaya zuwa ƙasashen waje ta Najeriya, domin saƙo daga shafin da babu komai a cikinsa ba ya samun amsa. Bayan haka ka gwada watan gwaji idan an ba ka, ka soke kafin ya ƙare matuƙar babu mai saye ko ɗaya da ya nemi farashi.