Amsar Baffa ga Nura kan sunan Gottlob

Nura, ɗana, saƙonka ya iso. Allah ya sauki iyalinka lafiya, ya raba su da wahalar naƙuda. Ka ce likita ya shaida muku namiji ne, kuma surukata tana so a haɗa wa yaron da sunan kakan mahaifinta, Gottlob. Kana tambaya ko al'adarmu ta yarda da haka, sannan ko za a iya ɗage suna sai kun zo hutu, tunda a birnin Leipzig na Jamus ba ka da inda za ka ɗaure rago balle ka yanka. Da na ga sunan na yi murmushi, don na hango bakin gwaggonka yana kokawa da shi. Da na kai kan maganar ɗage suna kuwa, murmushin ya ɗauke.

Sunan dai ba baƙona ba ne. Tun ina koyar da tarihi na gamu da shi, a jikin wani Bajamushe, Gottlob Adolf Krause, wanda aka haifa a 1850 a yankin Saxony, wato ƙasar surukanka ke nan. A Tarabulus ya koyi Hausa, daga bakin mutanenmu da ke zaune can. A 1886 ya tashi daga Akra ya bi ta Salaga, kasuwar goron da kakanninmu suka yi wa fatauci, ya kai har Wagadugu. Hausawa ba su wahalar da harshensu ba, Malam Musa suka sa masa, kamar yadda Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Malam Musa ya tattara rubuce-rubucen Hausa na ajami, ya kuma fito fili ya zargi gwamnatin ƙasarsa da kau da kai ga cinikin bayi a Togo, abin da ya jawo masa baƙin jini a gida. A Zurich ya mutu, a 1938, hannunsa babu komai. Don haka in ka ji na ce ina ganin girman sunan nan, ka san inda na samo shi.

Tsofaffin sunayen Jamusawa na asali yawancinsu kalma biyu ce aka ɗinke, kuma ƙanshin yaƙi suke yi. Gerhard mashi ne da ƙarfi, Ludwig shahara ce da yaƙi. Gottlob ya ari wannan ɗinkin ne kawai, amma shi yaro ne a cikinsu. Gott Allah, Lob yabo: a yabi Allah. Ya bazu ne a ƙarni na 17 da na 18, lokacin da wani yunƙurin farfaɗo da ibada ya taso cikin Kiristocin Furotesta, wanda wani limaminsu Philipp Spener ya yi wa shimfiɗa da ɗan littafinsa na 1675. Mutanen nan sun so yaro ya tashi da wa'azi rataye a wuyansa, cikin harshen uwarsa. Suka riƙa sa Traugott, wato dogara ga Allah, da Fürchtegott, ji tsoron Allah, da Gotthelf, Allah ya taimaka. Ka ga ai mun san irinsu. Mu ma muna da Dogara, muna da Kyauta, muna da Godiya. Su kansu har yau tsoho in ya tsallake wata wahala yakan ce gottlob, a inda kai za ka ce alhamdu lillahi.

Bari in ba ka labarin sunan mahaifinka, Allah ya jiƙansa, don na lura ba a taɓa zaunar da kai an ba ka shi ba.

Da sanyi aka haife shi, a gidanmu na Koki, ina ɗan makarantar allo. Inna ta yi wabi kafin shi, ta binne 'ya'ya a jere bayana, har ta kai ba ta yarda a yi mata barka da ƙarfi. Kakarmu ta wajen uwa ta zo daga ƙauye da shirinta: a kai jariri kan juji a ajiye na ɗan lokaci a ɗauko, a sa masa Ajuji, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Baba kuwa lokacin yana ɗaukar karatu a zaure, ya ce canfi ne, ba za a yi a gidansa ba, Abdullahi zai sa, don yana cikin sunayen da Allah ya fi so. Gida ya rabu biyu. Ranar ƙauri ma mata suna cin nama suna harare-harare. Kakanmu Alhaji bai ce uffan ba. Ya dai sa aka kwance huhun goro, ya zauna da kansa yana ƙirga ƙwarya-ƙwarya, yana ware fari da ja, mu yara aka aike mu gida-gida da shi a ganye, muna cewa gobe suna.

Da asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Hazo ya rufe gari, fitilar ƙwai ce kawai ke nuna fuskokin mutane, kowa ya duƙunƙune cikin mayafi. Ni aka ba igiyar rago, yana ta fizga, igiyar tana yankar tafin hannuna saboda sanyi. Liman ya zauna. Kowa na jiran Baba ya matsa, sai Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi, ya sunkuya da kansa ya raɗa wa liman a kunne. Aka kayar da rago, aka yanka, aka shafa fatiha. Sai maroƙi ya miƙe ya ɗaga murya: sunan yaro Hamidu, Allah ya raya Hamidu! Daga cikin gida guɗa ta tashi, amma a waje shiru aka yi ana kallon juna, domin duk zuriyarmu, gaba da baya, babu Hamidu.

Sai da rana ta ɗaga, wanzami ya gama aski, an tattara gashin a ƙyalle don a auna a yi sadaka, sannan Alhaji ya buɗe baki. Ya ce yana saurayi agana ta kama shi a zangon Kumasi. Abokan tafiya suka ji tsoro suka yi gaba. Mai masaukinsu, wani Bazabarme da ake kira Hamidu, shi ya kwantar da shi a ɗakinsa, yana ɗura masa kunu da ludayi, ya sayar masa da kayansa, ya ƙulle kuɗin a tsumma, bai taɓa ko anini ba har ya miƙe. Alhaji ya nuna mana zanen aganar a kumatunsa, wanda kullum muke gani ba mu taɓa tambaya ba. Ya ce mutumin ya rasu bai bar ɗa ba. Ya ce, wanda ba ka iya biyansa da dukiya, ka biya shi da suna. Baba ya sunkuyar da kai, bai ƙara tayar da zancen Abdullahi ba. Kakarmu kuwa ta ce ta ji, amma ita Barmani za ta kira shi, kuma da Barmani ta kira shi har ta koma ga Allah. Mahaifinka ya tashi yana amsa biyun, bai taɓa rikicewa ba.

To ka duba. Hamidu mai yabo ne, mai godiya ga Allah, tushensa ɗaya da Ahmadu da Mahmudu da Muhammadu. Tsohon da surukata take so ta raya, da mahaifinka da kai ya kamata ka raya, kusan magana ɗaya sunayensu suke yi. Ka rubuto mini dogon saƙo, ban ga inda ka ambaci sunan mahaifinka ba, kuma wannan ya fi Gottlob tsaya mini a rai. Baturiya ta tuna da kakan ubanta, kai ɗan Koki kana jero mini sunayen da ka tsinto a intanet don sun yi daɗi a kunne. Haka 'yan'uwanka na nan suke yi yanzu. Ka tambayi uba ma'anar sunan ɗansa, sai ya zaro waya.

Malamanmu sun ce abin dubawa ga suna shi ne ma'anarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canja wa mutane munanan sunaye, ya mayar da wata mai sunan saɓo Jamila. A nan ban ga gunki ba, ban ga bautar wanin Allah ba. Amma ni malamin tarihi ne, fatawa ta liman ce, zan kai masa maganar bayan sallar Juma'a.

Akwai kuma abin da za ka auna da kanka. Sunan ya yi tashe a Saxony da Württemberg har cikin ƙarni na 19, masanin lissafi da manɗiƙi Gottlob Frege, haihuwar 1848, yana cikin waɗanda suka yi fice da shi. Daga nan ya yi ta ja da baya, yau da wuya ka ji an sa wa jariri. Jamusawa sun tono wasu tsofaffin sunaye sun wanke, irin su Emil da Anton da Oskar, amma ba su waiwayi wannan ba. Waɗanda ke gaba a 'yan shekarun nan su ne irin su Noah da Elias, Nuhu da Iliyasu ke nan, kuma a birnin Berlin Muhammadu ma ya taɓa zuwa na ɗaya a 2018. Yaron da zai shiga aji da fatar da ta bambanta da ta sauran, a ƙara masa da sunan da ko tsofaffinsu sun daina amsawa, kaya ne. Iyayenmu na cewa suna linzami. Ka dubi sunan tsakiya na Malam Musa, Adolf, yadda mutum ɗaya, wato Hitler, ya ɓata shi har bayan 1945 iyaye suka guje shi. Shi Gottlob babu wanda ya ɓata shi, tsufa kawai ya yi. In na biyu ne a takarda, yaro ya girma ya ga dama ya fito da shi, wannan wata magana ce.

Ɗage suna kuwa, kada in sake jin sa. Su kansu dokarsu ta ce a kai rahoton haihuwa ofishin rajista cikin mako guda, suna kuma kada ya wuce wata. To in hukuma ba ta jira hutunka ba, don me sunna za ta jira? Ranar da aka haihu, ka yi masa kiran salla a kunnen dama da kanka, ka tauna dabino ka shafa masa a dasashi. Rana ta bakwai rago zai faɗi a ƙofar gidan Koki, ni zan tsaya a kai, ka bar wayarka a kunne ka ji maroƙi. Aski kuma ka nemi reza mai kyau ka yi a hankali, tunda wanzami ya yi maka nisa.

In ka sa Hamidu, ka san bakinka ba zai iya kiransa gatsau ba, sai ku nemi na alkunya, Abba ko Walidi, ka kuma fahimtar da surukata dalili tun yanzu don kada ta ɗauka an ture nata. Kafin Juma'a ka zaunar da ita, ko ka kira mahaifinta, ka tambaye su wane ne Gottlob ɗin nan. Me yake yi, a wane ƙauye ya zauna, ina yake lokacin yaƙe-yaƙensu, me ya yi musu da har 'yar jikansa take neman sunansa. Ka rubuto mini duka, da hotonsa in akwai, don liman zai tambaye ni. Gwaggonka tana gaishe ku, ta ce a tambayi mai jego ko ana samun kanwa a can, in babu ta ba masu tafiya su taho muku da ita.