Amsoshin Tambayoyinku: Ɗalibin kwalejin al'umma a Amurka, ina zai kashe lokacinsa da dalarsa?

Tambaya: Ni ɗan shekara ashirin ne, ina zaune da iyayena a Bronx, kuma na fara karatu a ɗaya daga cikin kwalejojin al'umma na birnin New York. Da yamma ina aikin kai abinci gida-gida. Abokai na jana in shiga ƙungiyoyin ɗalibai, Baba kuma ya ce shiririta ce, in yi darasi in dawo. Wa zan bi?

Amsa: Ƙanena, Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin akwai yaran da wasa ya cinye. Sai dai ina jin hoton da ke ransa na jami'ar gida ne, inda ɗalibi ke kwana a hostel, ya yini a dandali, ga siyasar ɗalibai, ga shagali har tsakar dare. Kwalejin al'umma daban take. Karatun shekara biyu ne, yawancinsu ba su da wurin kwana, kuma wanda ke zaune kusa da kai a aji zai iya zama direban tasi ko uwar 'ya'ya uku da ta fito daga aikin dare a asibiti. Ana tashi kowa ya ruga tashar jirgi. A irin wannan wuri haɗarin da ya fi kusa da kai shi ne ka gama shekara biyu babu malamin da ya san sunanka.

Me ya sa wannan zai dame ka? Saboda takardar shekara biyu ga mutane da yawa zango ce, ana so a wuce jami'a a ƙarasa digiri. Ranar neman gurbi ko tallafin karatu za a nemi malami ya rubuta maka wasiƙar shaida, a kuma ce ka faɗi abin da ka yi banda zaman aji. Malamin da ya gan ka kana shirya taron ƙungiyar kimiyya ko kana koya wa 'yan sabuwar shekara lissafi, yana da abin rubutawa. Wanda bai san ka ba sai a takardar jarrabawa, layi uku zai yi ya sa hannu.

Sannan ka duba takardar kuɗin makarantarka da kyau. A ƙarƙashin kuɗin karatu za ka ga wani ɗan kaso da ake cira don harkokin ɗalibai. Da shi ake ɗaukar nauyin ƙungiyoyi, da majalisar ɗalibai, da tafiye-tafiye, da abincin da ake rabawa a taro. Ka shiga ko kar ka shiga, ka riga ka biya. Wannan hujjar ita za ka fara kai wa Baba, don na san dattawanmu ba sa son jin an biya kuɗi an bar wa wasu.

Amma kada ka yi rawar kai ka rubuta sunanka a kowane tebur ranar baje kolin ƙungiyoyi. Biyu sun ishe ka. Ɗaya wadda ta shafi abin da kake karanta, ɗaya kuma ta kwanciyar rai. Ga yaranmu da yawa ta biyun ita ce ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa uwarta a Jami'ar Illinois a 1963. Su ne suka san ɗakin da ake sallah, da masallacin da za ka samu Juma'a ka dawo kafin darasin ƙarfe biyu, su ne kuma ke haɗa buɗa baki da azumi. Yawancin kwalejojin birnin suna ware wasu sa'o'i da rana a kowane mako don taron ƙungiyoyi, saboda haka aikinka na yamma ba zai taɓu ba.

Abu ɗaya kuma da na fi so ka nema kafin kowace ƙungiya: shirin ASAP na jami'ar birnin, CUNY, wanda aka fara a 2007. Yana ba da katin shiga jirgi da bas, da taimakon littattafai, da mai ba da shawara da za ka riƙa gani a kai a kai, da sharaɗin ka yi cikakken karatu. Binciken da aka yi a kansa ya nuna ya kusan ninka yawan waɗanda ke kammalawa cikin shekara uku. Ka je ofishinsu ka ji ko ka cika sharuɗɗa.

Tambaya: 'Yata ta samu wasiƙa daga wata ƙungiya mai suna Phi Theta Kappa, wai an zaɓe ta saboda ƙoƙarinta, amma sai ta biya kuɗi. Ni dai duk yabon da ya zo da lambar asusu ina tsoronsa. Damfara ce? Daga wata uwa a Ohio.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara basira, tsoron nan naki yana kan hanya. Akwai ƙungiyoyi masu sunaye irin na Girkawa da ke aika wa dubban ɗalibai saƙo iri ɗaya, a biya, a samu satifiket mai zanen zinariya, shi ke nan. Amma wannan da kika ambata ba ta cikinsu. An kafa ta a 1918 a jihar Missouri, kuma ita ce sananniyar ƙungiyar karrama haziƙan kwalejojin shekara biyu. A galibin wurare sai ɗalibi ya kammala kiredit 12 (ma'aunin yawan darussan da aka ɗauka) da maki 3.5 cikin 4 kafin a gayyace shi. Don haka ki fara sa wa yarinyar albarka.

Kuɗin sau ɗaya ake biya, kuma yakan kama wajen dala 100, ya ɗan gaza ko ya ɗan haura gwargwadon kwaleji. Ko ya cancanta? Ya danganta da niyyarta. Idan za ta wuce jami'a, a biya, domin jami'o'i da yawa sun ware ragin kuɗin makaranta musamman ga 'yan wannan ƙungiya, kuma ragin shekara ɗaya kan ninka abin da aka biya sau da yawa. Idan kuwa aikin jinya ko wata sana'a za ta kama da ta gama, amfanin ya ragu, sai dai in za ta riƙa zuwa taro ta riƙe muƙami. Na ga waɗanda suka biya, suka rataya igiyar karramawa ranar yaye ɗalibai, aka ɗau hoto aka tura wa dangi a WhatsApp, iyakar ribar ke nan.

Kafin ki ciro kati, ta je da ƙafarta wurin malamin da ke kula da reshen ƙungiyar a kwalejinsu ta tabbatar wasiƙar tasu ce. Ta kuma tambaya ko makarantar na biya wa masu ƙaramin ƙarfi, wasu na yi. Tunda makinta ya kai haka, ta sa ido kan tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke na masu wucewa jami'a, wanda kan kai dala 55,000 a shekara. Gasar da zafi, amma neman ba a biyan ko sisi.

Tambaya: Na iya ƙwallo tun ina Kumasi. In na shiga ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu za su yafe min kuɗin makaranta? Har na fara duba takalma masu tsada.

Amsa: Riƙe kuɗinka tukuna. Wasannin yawancin waɗannan kwalejoji suna ƙarƙashin hukumar NJCAA, mai rukuni uku. Rukuni na ɗaya da na biyu suna iya ba da tallafin karatu don wasa, na uku ba ya bayarwa ko kaɗan. Tambayar farko ga koci ita ce rukunin da kuke. Ka kuma sani sai kana ɗaukar aƙalla kiredit 12 kuma makinka bai faɗi ba za a bar ka ka buga, ga atisaye kusan kullum a kakar wasa, ga tafiya. In kana aiki, lissafa sa'o'in da za ka rasa. Riga da wando makaranta ke bayarwa. Takalmi kuwa, je gwaji da wanda kake da shi, ka ga ko filin na ciyawa ne ko na roba, don kowanne da irin ƙasan takalminsa.

Tambaya: Littafin darasi ɗaya an ce min ya haura dala 100. In saya sabo?

Amsa: A'a, ki jira a shiga aji na farko. Wani malamin zai ce tsohon bugu ya isa, wani kuma littattafan OpenStax na Jami'ar Rice yake amfani da su, waɗanda kyauta ne a intanet. Laburare kan ajiye kwafin da ake aro na 'yan sa'o'i, kuma 'yan ƙungiyar sashenku da suka riga ki yin darasin sukan sayar da nasu da araha. Inda ba makawa sai an sayi sabo shi ne darasin da ake yin aikin gida ta shafin kamfanin littafin, domin lambar shiga sau ɗaya take aiki. A nan kada ki sayi na hannu, lambar da ke ciki an riga an yi amfani da ita.