Amsa ga mai tambaya kan Metallica: kada ka rabu da faifanka cikin fushi

Ƙanina, sau biyu na karanta tambayarka kafin na iya ba ka amsa, domin abin da ka bayyana ya same ni shekaru kusan talatin da suka wuce, kuma har yau tabon bai ɓace ba. Ka ce kundin Master of Puppets ne ya jawo ka ga Metallica, ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka mai kiɗan metal, ka bi kundayensu ɗaya bayan ɗaya har ka iso Baƙin Kundi (The Black Album) na 1991 da Load na 1996, sai ka ji kamar an musanya maka mutanen da ka sani da waɗansu. Abokanka suna cewa taurin kai ne ke damunka, kai kuma kana shawarar sayar da faifansu gaba ɗaya ka huta. Ina roƙonka kada ka sayar, kada ka bayar, kada ma ka ba da aro a wannan hali da kake ciki.

Yayana da ke karatu a Ingila ne ya kawo mini kaset uku na asali a 1989, wato Ride the Lightning da Master of Puppets da ...And Justice for All. Da ƙaramar rakoda mai batir nake sauraronsu, kuma da biro nake juya zaren kaset ɗin zuwa farko don kada batir ya ƙare. Lokacin da Baƙin Kundi ya zo hannuna na ji saurin ya ragu, waƙoƙin sun gajarce, har da goge a cikin Nothing Else Matters, amma na daure na ce ai nauyin yana nan, domin Sad but True ba wasa ba ce. Load ne ya karya ni. Na tara kuɗi na ba wani mai tafiya sautu, na yi wata biyu ina jira, da ya iso kuwa tun daga takardar jikin kaset ɗin gabana ya faɗi: an rage kaifin haruffan sunansu, sun aske gashi, wasu daga cikinsu har da kwalli a ido. Na zauna a bakin katifa na saurari ɓangarorin biyu ba tare da na motsa ba, kusan minti 79, ina jiran wurin da jitar James Hetfield, mawaƙin ƙungiyar, za ta zabura kamar dā, har aka zo Mama Said mai salon kiɗan karkarar Amurka, a nan na tabbatar ba za ta zabura ba.

Abokin ɗakina a makaranta, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya daɗe yana kiran wannan kiɗa hayaniyar maƙera. Ranar nan ya shigo ya same ni a haka, ya ɗauki takardar ya duba, ya yi dariya ya ce to ga shi su ma sun yi hankali, saura ni. Zuciya ta ɗebe ni, na kwashe kaset huɗu na zuba a leda na miƙa masa, na ce ya yi abin da ya ga dama da su. Ya san sarai fushi ne ya yi magana, ya san yadda nake goge su da hannun rigata kafin in mayar da su cikin kwalinsu, ya san hannun da suka fito. Duk da haka ya karɓa bai ce uffan ba.

Bayan mako uku, da zuciyata ta sauko, na je na ce ya dawo mini da su. Ya buɗe akwatinsa ya miƙo mini, sai na ga an liƙe 'yan ramukan saman kowane kaset da salatif. Duk wanda ya yi zamani da kaset ya san ma'anar wannan: an toshe su ne don a iya ɗaukar wani abu a kai. Na saka Master of Puppets hannuna yana rawa, sai ga tattausar jitar nan da ke buɗe Battery, waƙar farko a kundin, ta fito daram, ta yi 'yan daƙiƙu, kafin gangar Lars Ulrich, makaɗin gangarsu, ta shigo sai aka ji ƙas, wata waƙar rawa da ya ɗauka daga rediyo ta maye wurin. Haka ya yi wa dukkansu, ciki da baya. Da na tambaye shi dalili, ya ce ai ni na ba shi, kuma kaset kaset ne. Bai ba ni haƙuri ba a ranar, bai ba ni ba har muka gama karatu, kuma na ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da shi wata bakwai ina jin yana kunna su da safe yana shirin fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yayana ya dawo ya tambaye ni kaset ɗinsa, na rasa bakin da zan gaya masa cewa da hannuna na miƙa su. Sai bayan shekara bakwai na sake mallakar kundin a faifan CD, kuma na daɗe ina jin faɗuwar gaba duk lokacin da Battery ta kai daidai wurin da aka yanke ta.

Abokanka ba su yi maka adalci ba da suka ce taurin kai ne. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Bob Rock, wanda ya shirya sautin Baƙin Kundi, ya zo ne daga aikin kundin Dr. Feelgood na ƙungiyar Mötley Crüe, kuma da gangan suka ɗauko shi, domin su da kansu sun faɗa a hirarraki cewa sun gaji da waƙoƙin ...And Justice for All masu kaiwa kusan minti goma. Sun nemi sauti mai faɗi, mai sauƙin shiga kunne, suka kuma samu, tun da kundin ya sayar da fiye da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. A ganina kundi ne mai kyau, amma ba tirash ba ne, wato salon nan mai sauri da kaushi da aka san su da shi, kuma wanda ya ce maka babu bambanci bai saurari waƙar Damage, Inc. ta cikin Master of Puppets da kunnen basira ba. Load kuwa har yau ban ƙaunace shi ba, in ka ɗebe Bleeding Me da The Outlaw Torn. Hetfield ma daga baya ya nuna cewa shigar da hotunan wancan lokaci ba su kwanta masa ba, wannan kuwa ya ɗan sanyaya mini rai da na ji.

Sai dai waɗancan 'yan daƙiƙu da suka tsira a kaset ɗina sun tilasta mini tunanin da ban so yi ba. Kundin da muke kira mafi zafi a tarihinsu da tattausar jita ya fara. Tun 1984 wasu magoya baya suka zarge su da sayar da kai saboda Fade to Black, kuma tsakiyar Orion, inda jitar bas ta Cliff Burton, makaɗin bas ɗinsu na wancan lokaci, ke tafiya a hankali kamar mai ta'aziyya, tana cikin abin da muka fi so. Shekaru na yi ina cewa da Cliff bai rasu a haɗarin motar nan ta Suwidin a Satumbar 1986 ba, da ba su lalace ba, amma na daina faɗin haka, domin shi ne mai son kiɗan Bach, tsohon mai tsara kiɗan nan na Jamus, a cikinsu, shi ne ya koya musu haɗa muryoyin jita masu daɗi. Laushin yana jikinsu tun farko. Abin da ya canza a 1991 shi ne an fito da shi gaba, an mayar da saurin baya. Kuma ka tuna mahaifiyar Hetfield ta rasu da ciwon daji yana ɗan shekara 16, daga wannan ciwo Until It Sleeps ta fito, saboda haka ko ba na son kiɗan ba zan iya kiran ta yaudara ba.

Wanda nake tausayi a duk wannan labari shi ne Jason Newsted, wanda ya gaji Cliff, da aka binne bas ɗinsa a Justice har ba a jin sa, ya yi haƙuri shekara goma sha huɗu sannan ya tafi a 2001. Kada kuma ka yi tsammanin komawa ga kaushi ita ce magani, domin a 2003 sun gwada da St. Anger, ganga tana ƙara kamar ana dukan garwa, babu inda aka bar jitar Kirk Hammett, ɗayan makaɗin jitarsu, ta fita ita kaɗai, kuma wannan ya fi Load ɓata mini rai nesa ba kusa ba. Death Magnetic na 2008 ya fi kusa da abin da kake nema, ko da yake an cika masa ƙara har sautin yana fashewa.

Idan ƙishin sauri ne ke damunka, ka koma ga kundayen wasu ƙungiyoyi, kamar Reign in Blood na Slayer, wanda bai kai minti 30 ba, da Rust in Peace na Megadeth na 1990, da Bonded by Blood na Exodus, ƙungiyar da Hammett ya baro a 1983, ka kuma leƙa Kreator da Sodom na Jamus. Amma ka sani Megadeth ma sun sassauta har suka kai ga Risk a 1999, don kada ka sake faɗawa cikin irin wannan baƙin ciki ba shiri. Load da Reload, kundin da ya biyo bayansa, ka ɗaure su a leda ka jefa ƙasan akwati, ka ba su shekara guda ba ka taɓa ba. Abokan nan naka kuma kada ka bar faifanka a inda hannunsu zai kai, ko da sun rantse maka kwana ɗaya za su yi da shi, kuma ka daina kunna musu abin da ka san dariya za su yi masa.

Kaset ɗin nan mai salatif yana cikin durowata har yanzu, ban iya jefar da shi ba. Idan akwai wani a cikinmu da ya san inda zan samu kaset na asali na Master of Puppets da takardarsa, don Allah ya sanar da ni, ina so in mayar wa yayana abinsa.