Gidan araha a garin Cairo na jihar Illinois

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin arahar gidaje a Cairo, da ko ya dace ka saya.

Garin yana ƙarshen kudancin Illinois a Amurka, daidai inda kogin Ohio ya haɗu da Mississippi, ganuwar tare ruwa ce ta kewaye shi. A 1920 mutanensa sun haura 15,000, a 2020 ba su kai 2,000 ba, shi ya sa gidaje suka yi araha. Gadoji sun kashe cinikin fito, rikicin wariyar launin fata ya kori wasu. A ambaliyar 2011 sai da aka kwashe jama'a, abin tausayi.

Kada hoto ya ruɗe ka. Sa masanin gini ya duba harsashi da rufi, lauya ya bincika bashin haraji, sannan ka ji kuɗin inshorar ambaliya.