Wane horo mai binciken lafiyar ƙwaƙwalwa bayan bala'i yake buƙata?

Tambaya: Na karanta fannin kiwon lafiyar al'umma, kuma ina son yin bincike kan halin da mutane ke shiga a zuci bayan ambaliya ko girgizar ƙasa. Malamina ya ce sai na nemi horo na musamman. Ni kuwa na iya tsara takardar tambayoyi, na iya lissafi. To me ya rage?

Amsa: Malaminka yana da gaskiya, kuma abu na farko da za a koya maka shi ne lokaci. Wanda gidansa ya rushe jiya, yau ba zai runtsa ba. Gabansa na faɗuwa, ko ƙofa aka buga sai ya zabura. Wannan ba ciwo ba ne, haka ɗan Adam yake idan ya ga tashin hankali. Likitoci ba sa kiransa ciwon firgicin da ake wa laƙabi da PTSD sai alamomin sun haura wata ɗaya suna hana mutum harkokinsa. In ka je da takardarka a makon farko, mutane da yawa za su fito maka da siffar majinyata.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, binciken Sandro Galea da abokan aikinsa ya samu alamun PTSD a jikin kashi 7.5 cikin ɗari na manya mazauna yankin Manhattan na birnin New York makonni biyar zuwa takwas bayan harin. Da aka kai wata shida, adadin ya sauka ƙasa da kashi 1. Guguwar Katrina da ta afka wa Amurka a 2005 kuwa akasin haka ta nuna: da aka koma wa mutanen da aka fara tambaya, sai aka tarar adadin ya tashi daga kusan kashi 15 zuwa kusan 21 bayan kimanin shekara biyu da guguwar. Ruwa ya janye, amma rashin matsuguni da tarwatsewar dangi da asarar sana'a ba su janye ba. Shi ya sa ake horar da mai bincike ya riƙa komawa, ya kuma auna wahalhalun da suka biyo bayan bala'in, ba ranar kaɗai ba.

Sai tambayar da ke kayar da sababbin shiga: da wa kake kwatantawa? In ka ce mutum ɗaya cikin biyar na fama da matsananciyar damuwa, su nawa ne kafin bala'in? A Christchurch ta New Zealand an yi dace, domin akwai mutum sama da 1,200 da ake bibiyar rayuwarsu tun haihuwarsu a 1977. Da girgizar ƙasa ta auku a 2010 da 2011, sai aka iya kwatanta waɗanda ta fi shafa da waɗanda ba ta taɓa ba, tarihin kowa kuma yana hannu. Ba kowa ke samun irin wannan gata ba, don haka dole ka koyi neman tsofaffin alƙaluma, ko wata al'umma makamanciya da bala'in bai kai gare ta ba. Ka kuma tuna cewa sansanin waɗanda bala'in ya raba da gidajensu ba shi ne kowa ba. Waɗanda suka watsu gidajen 'yan uwa, lambobin wayarsu suka canza, su ma suna cikin lissafi. Ma'aunin da za ka yi aiki da shi kuwa, wato jerin tambayoyin auna damuwa, sai an gwada shi da harshen mutanen tukuna, don wasu da ciwon kai da kasala suke bayyana ƙuncin zuciya.

A ganina, sashen ɗa'a ya fi komai nauyi. Matar da ke layin karɓar bargo, in ta gan ka da rigar aiki da takarda, ɗauka za ta yi sa hannu ne zai kawo tallafi. Sai ka koyi gaya mata ƙarara cewa ko ta ƙi amsawa, rabonta ba zai ragu ba. Kada ka tambayi mutum ko yana tunanin kashe kansa alhali ba ka tanadi inda za ka tura shi ba. A da ana tara waɗanda abin ya rutsa da su a zama ɗaya, a sa su zayyano abin da suka gani, da sunan rage musu raɗaɗi. Gwaje-gwaje suka nuna hakan ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yana tsananta shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. Karanta jagorar da IASC, kwamitin haɗin gwiwar hukumomin agaji na duniya, ya fitar a 2007 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a yanayin gaggawa, da littafin taimakon farko na zuci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da abokan hulɗarta a 2011.

Masu ɗaukar bayanai su ma suna jigata, musamman in su ma bala'in ya shafe su, don haka a sa musu hutu da mai sauraronsu cikin kasafin aikin.

Ka nemi ƙwararren da ya taɓa yin irin wannan aiki ka shiga ƙarƙashinsa. Ku rubuta tsarin binciken, ku gwada ma'auni, ku kai wa kwamitin ɗa'a ya duba tun kafin bala'in ya zo, yadda in ya zo wuri da rana kawai za ku cike.